Ungulu ba ta ƙi gidanta na tsamiya ba, korar ta aka yi

Bahaushe kan ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya, idan mutum ya gama yawonsa ya dawo halinsa na dā. Wanda ya fara yin wannan magana ya san tsuntsuwar sani na ƙwarai. Ya lura a kan manyan itatuwa take sheƙa, ya kuma lura idan ta sami itacen da ya karɓe ta, nan take komawa shekara bayan shekara, ta gyara tsohuwar sheƙarta ta sake kwanci. Abin da bai faɗa ba, don a zamaninsa kowa ya sani, shi ne tsamiyar nan ba a dokar daji take ba. A bayan gari take, ko gefen kasuwa, ko tsakiyar gonar gero wadda mai ita yake nomawa kowace damina. Yau karin maganar na nan daram a bakin mutane, amma yaron da aka haifa a Ɗambatta ko Makoɗa ko Tsanyawa cikin shekaru 20 da suka wuce yana iya girma bai taɓa ganin sheƙar ungulu da idonsa ba.

Idan aka tambayi masu ilimin zamani dalili, amsarsu a shirye take: jama'a sun yi yawa, daji ya ƙare, hamada ta matso, yanayi ya sauya. Amsa ce mai daɗin faɗa a ɗakin taro, domin ba ta da mai laifi. Ba wanda za a kama da laifin yawan jama'a, ba kuma wanda za a kai gaban alƙali saboda hamada. Sai dai game da ungulu da shirwa da mujiya, wato tsuntsaye maciya nama da suka saba zama kusa da mutane, wannan amsa ba ta da ƙafar tsayawa. Illarta kuwa babba ce, domin duk wanda ya yarda da ita ya yarda ke nan babu abin yi.

Ƙasar da ta daɗe da cika

Karkarar Kano ba jiya ta cika da mutane ba. Lokacin da Heinrich Barth ya taso daga Katsina ya shigo Kano a 1851, gonaki da ƙauyuka da manyan itatuwa ya ratsa. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka fitar da nazarinsu kan ƙasar da ke kewaye da birnin, suka nuna cewa tana cikin yankunan karkara mafiya cunkoso a wannan ɓangare na Afirka. Kusan kowane taƙi ana noma shi duk shekara ba hutu, da taimakon takin dabbobi da na birni. Abin da ya ba masana mamaki shi ne itatuwan gona ba su ƙare ba. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1990 kan itacen girki a Kano ya gano cewa manoman kusa da birni suna kiwon itatuwansu kamar yadda suke kiwon dabbobinsu, yawancin itacen da birnin yake ƙonawa kuwa daga nesa ake kawo shi.

A cikin wannan cunkoso ungulu ta yi zamaninta. Duk wanda ya haura shekara 50 zai tuna yadda ungulaye suke jeruwa a kan katangar mayanka da rumfunan mahauta ranar kasuwa, har sai an kore su da sanda. A Sakkwato ne, a farkon shekarun 1970, Peter Mundy ya fara nazarin sheƙunan ungulu a itatuwan garin da kewayensa, kafin ya zama ɗaya daga cikin manyan masanan ungulu na Afirka. Da kusantar mutum ce take hana wannan tsuntsuwa haihuwa, da tun kafin zuwan Turawa ta bar ƙasar Kano.

Lissafin da tsuntsu yake yi

Masana halayyar dabbobi sun daɗe suna auna tazarar da dabba take bari tsakaninta da abin da take tsoro kafin ta gudu. Heini Hediger, masani ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya fito da batun tun shekarun 1930. A 1986 Ronald Ydenberg da Lawrence Dill suka nuna cewa gudun ba na hauka ba ne, lissafin riba da asara ne. Tsuntsuwar da ke kwanci tana auna abu biyu: idan ta zauna, wataƙila a kama ta, idan ta tashi kuma ta bar ƙwanta a fili.

Barin ƙwai a fili ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar Kano. Da asubahin hunturu sanyi zai ratsa shi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, rana kan iya kashe abin da ke cikinsa, ko ta galabaitar da jinjirin da bai yi gashi ba. Ga hankaka yana shawagi, yana jiran uwa ta ɗaga. Mutumin da ya tsaya ƙarƙashin itace yana ɗaga kai na rabin sa'a zai iya halaka sheƙa ba tare da ya taɓa ta ba, ya tafi bai san abin da ya yi ba. Lokacin da aka fi samun tsuntsu ya yi watsi da sheƙarsa gaba ɗaya shi ne farkon al'amari, wato lokacin gini da saka ƙwai da makonnin farko na kwanci. Idan ɗa ya fara girma, iyaye sun fi jurewa.

Sai dai ba kowane motsi tsuntsu yake ɗauka barazana ba. A ƙasar Sifen, nazarin da aka buga a 2006 kan wata babbar gaggafa da ke fuskantar ƙarewa ya nuna cewa mai tafiya a ƙasa ya fi mota tayar da ita daga sheƙa. A Amurka, ƙa'idojin da hukumar namun daji ta fitar a 2007 kan gaggafar da ke tambarin ƙasar sun yarda cewa aikin da aka saba yi a wuri tun kafin ta gina sheƙa ba kasafai yake damunta ba. A birnin Delhi na Indiya, inda Musulmin tsohon gari suke da al'adar cilla wa shirwa nama, Nishant Kumar da abokan aikinsa sun ƙirga kimanin sheƙa 15 a kowace murabba'in kilomita. Shirwar can ba ta gudun mutum, hasali ma idan ya matso kusa da 'ya'yanta sai ta kawo masa sura a ka.

Ke nan tsuntsu yana bambanta mai wucewa da mai nufinsa. Manomin da ya sunkuya da fartanya, da mai jakin da ke bin turba ɗaya kullum, da matar da ke tsintar kara, duk sun zama kamar ɓangaren wurin. Wanda ya tsaya, ya zuba ido, ya rungumi gindin itace ya fara hawa, wannan wani abu ne dabam. Ungulu ta kai matuƙa a wannan sabo, har ta miƙa wa mutum amanarta. Shi ya sa da halin mutum ya sauya, ta fi kowa shan kashi. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana.

Shaidar Garango

Hujja mafi kusa da yanayin Kano ta fito ne daga Garango, a ƙasar Burkina Faso, yankin manoma mai itatuwan gona irin na ƙasar Hausa. Clément Daboné da abokan aikinsa sun bi sheƙunan ungulu a lokutan haihuwa biyu, daga 2013 zuwa 2015, suka buga sakamakon a mujallar Ostrich a 2019. Sheƙa 13 cikin 64, wato kashi 20 cikin 100, sun lalace saboda satar ƙwai da 'ya'ya da kwashe kayan sheƙar kanta. Wani babban dalili kuma shi ne saran rassa da sare itacen da sheƙar take kai.

Abin da ya fi jan hankali a binciken shi ne, sheƙar da ta fi kusa da gidajen mutane ta fi samun nasarar fitar da ɗa. Masu binciken sun danganta haka da kariyar da mazauna wurin suke bayarwa, domin ɓarawon ƙwai ba ya son ido. Wannan sakamako kaɗai ya isa ya rushe zancen yawan jama'a. Inda mutane suke kallo, ungulu tana haihuwa. Inda ido ya ɗauke, nan ake kwashe ta.

Rani ɗaya, bukata biyu

Ungulu ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara. Tana kwanci kimanin kwana 50, ɗan kuma ya yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa kafin ya tashi, sannan ya ci gaba da dogara ga iyayensa na wasu watanni. Sai ya shekara da dama kafin shi ma ya fara haihuwa. Kaza idan aka ɗebe mata ƙwai, gobe ta sake wani. Ungulu kuwa yawanci ta yi asarar shekara ke nan.

A Afirka ta Yamma da rani take wannan aiki, daga bayan kaka har zuwa bazara. A daidai wannan lokaci ne kuma mutum ya fi bukatar hawa itace. Gawo, wanda yake cikin itatuwan da ta fi so, ganyensa da rani yake fitowa, lokacin da ciyawa ta bushe, saboda haka makiyayi da mai turkar rago duk a kansa suke sauke gatari. Tsamiya da rani ake kaɗe ta. Ɗorawa da bazara ake ɗibarta domin kalwa. Mai zuma yana ɗora amyarsa a reshe, ya dawo da dare da wuta da hayaƙi. Babu mugu a cikin waɗannan mutane, kowa abincinsa yake nema. Amma wanda ya sare rassan gawon da ke da sheƙa a watan Janairu ya yaye wa ƙwai inuwa, ya kuma nuna wa duk mai wucewa inda yake.

Akwai wani sauyi da ƙidayar itatuwa take ɓoyewa. Darbejiya ta yawaita a gonaki da bakin hanya, tana girma da sauri, tana cika lissafin masu shirin dashe. Tsofaffin tsamiya da ɗorawa da rimi da maɗaci kuwa, idan suka faɗi ko aka mai da su gawayi da katako, ba kasafai ake maye gurbinsu da irinsu ba. Tsuntsun da ke bukatar doguwar bishiya mai kaurin reshe da duhun ganye ba abin da dashen bara zai tsinana masa. Tsamiyar da za ta ɗauki sheƙar ungulu sai ta shekara aru-aru a tsaye, injin yanka kuwa kafin azahar ya gama da ita.

Kasuwar da ba a son ambata

Ƙwan ungulu ba don a soya ake satar sa ba. Yohanna Saidu da Ralph Buij sun zagaya kasuwa 39 a jihohi takwas na Arewacin Nijeriya, suka tattauna da masu sayar da maganin gargajiya 113, suka buga abin da suka gano a 2013. Ungulun gari ce ta fi yawa a cikin sassan da ake sayarwa, kuma wani kaso mai yawa daga ƙasashen maƙwabta ake shigo da shi, alamar na gida ya yi ƙaranci. A 2016 wani nazari a mujallar Oryx ya nuna cewa kashi 73 cikin 100 na gawarwakin tsuntsaye maciya nama da aka ƙirga a kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, a Nijeriya aka gan su. A 2020 an kashe ungulu fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau, aka tarar da yawa an cire musu kai. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun gari a matakin ƙarshe kafin ƙarewa a doron ƙasa.

Yaron da ya hau itace ya sauko da ƙwai ɗan aike ne kawai. Mai saye yana can, kuma ba talaka ba ne, domin kan ungulu ba kayan mai neman na cefane ba ne. Akwai masu neman waraka daga ciwon da ya gagara, waɗanda abin tausayi ne, amma akwai masu neman sa'ar kasuwa da cin takara da ɗaukaka a wurin aiki. Daga cikinsu ba a rasa mai digiri da babbar riga, wanda gobe zai zauna a taron kare muhalli ya ɗora wa hamada laifi.

Abin da masu ja suke da shi

Masu ja da wannan magana ba su rasa hujja ba. Jean-Marc Thiollay ya ƙirga tsuntsaye a hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin bayan shekara 30, ya tarar manyan ungulaye irin su mikiya sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun daji. Nazarin da Phil Shaw da Darcy Ogada suka jagoranta a 2024 ya duba iri 42 a faɗin Afirka, ya tarar 37 suna raguwa, kuma raguwar ta fi tsanani a wajen wuraren da aka keɓe. Gaskiya ne akwai tsuntsayen da ba za su taɓa zama da cunkoso ba. Manyan gaggafa da mikiya suna bukatar sarari da namun daji, gonar gero ba za ta ba su ba. Gaskiya ne kuma abinci ya ragu, tunda yanzu kusan babu abin da mahauci yake zubarwa, ga gubar da ake sa wa mushe don karnuka.

Amma wannan hujja ta kare gandun daji ce, ba ta yin watsi da gona ba ce. Dajin Falgore yana can kudancin jiha, ba abin da zai yi wa sheƙar da ke Kunci ko Minjibir. Haka kuma maganin Turai ba zai yi aiki a nan ba. Masu nazarin Sifen sun ba da shawarar a hana duk wani motsi cikin mita 500 daga sheƙa. Da'ira mai wannan faɗi ta kai hekta 78, wato gonakin gidaje da dama a ƙasar Bichi. Jami'in da ya kawo irin wannan doka ƙauye, kafin wayewar gari za a kwana an sare itacen, don kada gona ta zama ta gwamnati. Abin da ungulu take bukata a nan bai kai haka ba: a bar mata itace ɗaya na wata shida.

Mai kiwon kaji ma tana da ƙorafi na gaskiya, domin shirwa tana ɗaukar 'yan tsaki. Maganin wannan akurki ne da kwando a makonnin farko, ba rushe sheƙa ba. Shirwar nan ita ce take kwashe fara da shinge da ɓeraye da ƙazantar kwata. Mujiyar da yara suke jifa da sunan mayya, a Malesiya akwatuna ake kafa mata a gonakin shinkafa da na kwakwar manja don ta rage ɓera. Indiya kuwa ta ga kuɗin rashin ungulu. Bayan maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kusa ƙarar da ungulayenta, Eyal Frank da Anant Sudarshan sun ƙiyasta a 2024 cewa an sami ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005, saboda mushen da ya ruɓe a fili da gurɓatar ruwa da yawaitar karnuka. Kano ba Indiya ba ce, amma mushe ɗaya yake ruɓewa ko'ina.

Aikin da ba ya bukatar bashi

Cunkoson da ake zargi shi ne babban jarin wannan yanki. A karkarar Kano kowane itace yana da mai shi, kowane baƙo kuma ana ganin shigowarsa. Babu mai gadin daji da zai kai dagaci da mai unguwa da sarkin noma sanin abin da ke kan kowace tsamiya.

Matakin farko a san inda sheƙunan da suka rage suke. Ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta da na Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero za su iya wannan ƙidaya a rani ɗaya, daga nesa, ba tare da hawa ba, kuma a tsare bayanan kada su zama taswirar ɓarayi. Na biyu, hakimai su yi shela cewa itacen da ke da sheƙa ba a hawansa, ba a saran reshensa, daga watan Nuwamba har ɗa ya tashi. Mai itacen da ya rasa ganyen gawo a biya shi da damin harawa. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, ba zai ji nauyin wannan ba, in dai masu tafiyar da shi za su fara ƙirga tsohon itacen da aka ceta kamar yadda suke ƙirga dashen da aka ɗauki hotonsa.

Na uku shi ne kasuwa. Dokar namun daji ta Arewa tana nan tun 1963, ta tarayya kan cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an ma yi mata gyara a 2016. Amma doka ba ta zuwa rumfa da ƙafarta. Ya kamata hukuma ta zauna da shugabannin masu maganin gargajiya, waɗanda da yawansu sun san itatuwan da suke amfani da su a madadin sassan tsuntsu, sannan wanda ya ƙi ji ya gamu da hukunci, da shi da mai sayensa.

Na huɗu mumbari ne da aji. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata 'yar tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna rashin jin daɗinsa, ya umarce su da su mayar mata. A Bukhari da Muslim kuma akwai hadisin da ya kore camfi, har da wanda ake yi da mujiya. Limamin da ya karanta waɗannan a huɗubar Juma'a ɗaya a farkon rani ya fi taron bita goma a otal amfani.

Kaka mai zuwa, da an ɗaure dami an kai rumbu, ungulayen da suka rage za su fara ɗibar kirare suna kaiwa kan itatuwan da suka sani. Kowace za ta saka ƙwai ɗaya. Ko ƙwan nan zai kai bazara, hamada ba ta da ta cewa a ciki. Mai gonar ne zai yanke, da dagacin garin, da mutumin birni da zai aiko a nemo masa.